Canza silambulok na gaban tsohuwar Fijo 504, daga kwancewa har zuwa ɗaurin ƙarshe

Roban da ake kira silambulok a garejojin Maraɗi, wanda ƴan ƙetaren Jibiya ke ce wa bushin, abu ne mai sassa uku: ƙaramin bututun ƙarfe a ciki inda bulon ke ratsawa, wani bututun ƙarfe mai faɗi a waje wanda ke matsewa cikin idon hannun mota, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafarta, sai roba a tsakani da aka dafa ta manne da su biyun. Ba ya juyawa kamar yadda taya ke juyawa a kan gindinta. In ƙafar mota ta yi sama ko ta yi ƙasa, bututun ciki yana nan daram, na waje ya bi hannu, robar ce ke murɗewa ta dawo. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya gane rabin aikin, don kusan duk kuskuren da ke kashe sabon roba cikin wata biyu daga rashin sanin haka yake fitowa.

Mun ɗauki Fijo 504 ne don har yanzu tana kan hanyar Dakoro da Mayahi da Madarumfa, kuma kayanta ba su ɓace ba. Ta fito a Faransa a 1968, an kuma yi shekara da shekaru ana haɗa ta a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Tsarin gaban 505 kusan ɗaya ne da nata, saboda haka bayanin zai yi wa mai 505 amfani.

Abin da ke ƙarƙashin motar

A kowane gefe akwai amortisa, mai shanye girgizar hanya, a tsaye da sifirin a jikinsa. Ƙasansa yana zaune a kan rotil, wato mahaɗin ƙarfe mai kan ƙwallo da ke juyawa ta kowane gefe, rotil ɗin kuma a bakin hannun ƙasa, wanda makanikai ke kira bra. Ɗaya bakin hannun yana kama babban ƙarfen gicciye da injin ke zaune a kai, kuma nan silambulok na farko yake. Daga jikin hannun wata sanda ta miƙe ta yi gaba, ita ce tiran, mai hana taya zuwa gaba da baya in an taka birki. Tana da nata silambulok a bakin gaba, sannan inda ta ratsa hannun akwai robobi biyu masu siffar mazurari, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, wasa, wato faifan ƙarfe mai rami, da noti sun matse su. Huɗu ke nan a gefe guda, takwas duka biyun. Sai sandar da ke hana mota kwanciya a kwana, da robobinta biyu masu tsaga da ke riƙe ta a jikin mota, da ƙananan na biyalet, ɗan ƙarfen da ke haɗa bakinta da hannu.

Kowane roba da irin kukansa. In mota tana fizgar sitiyari gefe guda da zarar an taka birki, ko ka ji ƙum sau ɗaya lokacin tsayawa da lokacin tashi, fara duba na tiran. In tana yawo a kan kwalta, kana ta gyara mata hanya ko da titin a miƙe yake kamar na Tasawa, taya kuma na cinyewa ta gefen ciki, zargi na gindin hannu. Ƙwaram-ƙwaram ɗin da ake ji a hanya mai gargada ko da ana tafiya a hankali, yawanci na sandar kwana ne, kuma su ne mafi sauƙin canzawa.

Kada a sayi komai sai an gwada. Mutum guda ya zauna ya danne birki, biyu su tura motar gaba da baya, kai kuma ka tsuguna ka dubi tayar. In tana matsawa gaba da baya cikin rumfarta har ido na gani, tiran ya saki. Sannan a ɗaga motar, ka sa ƙarfen cire taya tsakanin hannu da ƙarfen gicciye ka ɗan ɓamɓara. Lafiyayyen roba yana ba da kai kaɗan ya dawo da ƙarfi. Mataccen yana tafiya ba turjiya, ko ka ga bututun ciki ya rabu da robar yana rawa shi kaɗai. Ƴan ƙananan tsage-tsage a fuskar roba tsufa ne kawai. Tsaga mai zurfi da ta zagaye bututun ita ce mutuwa. Ka kuma taɓa rotil da bakin sandar sitiyari tun motar na sama, don sau da yawa a kan ɗora wa roba laifin da ba nasa ba.

In ka tarar robar ta kumbura ta yi laushi kamar danƙo, man inji ne ya cinye ta. Nemo inda yake zuba ka toshe tukuna. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana busar da roba a hankali, amma mai ya fi shi saurin ɓarna, kuma sabon da za ka sa ma haka zai ƙare muddin ɗigon na nan.

Wajen saye, tafi da tsohon ko da hannun gaba ɗaya, ka kuma tafi da ma'aunin kauri, wato fiye-a-kulis. Abu huɗu za a auna: faɗin bututun waje, tsawonsa, tsawon bututun ciki, da ramin bulon. Bututun waje ya kamata ya fi idon hannu kauri da ɗan abin da bai wuce kashi biyu ko uku cikin goma na milimita ba, shi ne ke sa ya kama. Tsawon bututun ciki kuwa ya zo daidai da na tsohon. In ya gaza, kunnuwan ƙarfen da ke riƙe shi za su lanƙwashe kafin su kama shi, in ya zarce ba zai shiga tsakaninsu ba. Danna robar da farce. Wadda ta daɗe a kanti tana shan rana ta yi tauri ta yi fari-fari, ko da ba ta taɓa hawa mota ba. A canza gefe biyu tare, ko da guda ne ya mutu, in ba haka ba sabon gefe zai tsaya tsohon ya ba da kai, birki ya ci gaba da fizga.

Robar da ake yankowa daga tsohuwar taya tana iya kai mutum gida in a sandar kwana aka sa ta. A gindin hannu ba ta da wurin zama, don ba a manne take da ƙarfe ba, gogewa take yi har ta cinye idon hannun. Akwai kuma ja ko rawayan nan mai tauri, foliyuretan. Shi ba murɗewa yake yi ba, juyawa yake a kan bututu, dole sai da giris na silikon. A garin da iska ke ɗauke da yashi rabin shekara, giris da yashi in suka haɗu sun zama sanfefa. A tiran kuwa taurinsa kan hana sandar motsin da aka yi ta da shi, ƙarfen ya dinga lanƙwasa a gindin zarensa har ya gaji. A ganinmu baƙar roba ta asali ta fi dacewa da wannan mota da wannan hanya.

Kafin jak ya taɓa motar

A ajiye ta a wuri mai shimfiɗe, iskar taya daidai, ba kaya a ciki. Auna daga tsakiyar ƙafa zuwa leɓen rumfar taya a miƙe, dama da hagu, ka rubuta a takarda. Wannan awon za ka nema a ƙarshen aiki, kuma in aka ɗaga mota ya tafi ke nan. Tun daren jiya a jiƙa notuna da WD-40 ko gazuwal, a kiyaye kada ya malala kan robobin da ba za a canza ba. Motar da ta yi rayuwarta a nan ba ta cika tsatsa ba, amma wadda ta shigo ta Kwatano bayan ta sha gishirin titunan Turai sai an yi haƙuri da ita.

A ja birkin hannu, a sa giya, a tare tayoyin baya gaba da baya. A sassauta notunan taya tun tana ƙasa. In ƙasar yashi ce, kamar yawancin garejojinmu, a shimfiɗa katako mai kauri ƙarƙashin jak da ƙarƙashin shandal, wato ƙafafun ƙarfen da mota za ta zauna a kai. Bulon siminti ba abin dogaro ba ne, yana fashewa ba gargaɗi. Shandal ɗin ya tokare jikin motar bayan ƙafafun gaba, ƙafafun su rataya. A 504 sifirin yana kulle a jikin amortisa, don haka ana cire hannu ba tare da an matse shi ba. Mai tsohuwar Marsandi W123 kada ya bi wannan: nata sifirin a kan hannun ƙasa yake zaune, duk wanda ya kwance hannun bai kame sifirin da abin matsewa ba zai iya rasa hannu ko ido.

A yi gefe guda a gama kafin a taɓa ɗayan, don wanda ba a taɓa ba ya zama madubi. Fara da biyalet, ka raba sandar kwana da hannu. Sassauta notin tiran inda ya ratsa hannu tun komai na daure, don in hannun ya fito ba abin da zai riƙe maka shi. Sai notin rotil: kwance shi har ya zo daidai da bakin zare, ka bar shi a nan, ka sa abin cire rotil ka matsa. In babu, guduma biyu, ɗaya a tokare bayan idon ɗaya a buga gefensa, har ya saki. Ba a dukan kan zaren. Daga nan a zare bulon gindin hannu da na gaban tiran. Lura da gefen da kan kowane bulon yake, da jerin wasoshi da robobin mazurari; a zura su a waya yadda suka fito. Kada a bar amortisa ya yi lilo ya ja tiyon birki, a ɗaure shi da igiya.

Bulon da ke juyawa amma ya ƙi fitowa ya manne da bututun ciki ne saboda tsatsa. Duka ba ya fitar da shi, don robar ke shanye bugun, sai dai kunnuwan ƙarfe su buɗe. A sa zarton ƙarfe tsakanin bututu da kunne, a yanke bulon ɗin gefe biyu, a sayi sabo mai lamba 8.8 ko 10.9 a kansa, daidai da wanda aka cire. Wanda ba lamba a kansa na ƙofa ne.

Fitar da tsoho, shigar da sabo

Kafin komai, auna yadda tsohon ya leƙo ta kowane gefen ido, ka rubuta. In robar tana da ramuka ko wata alama a fuskarta, yi zane a jikin hannu daidai da ita, don sabon ya fuskanci inda tsohon ya fuskanta.

Injin matsi mai tan 10 ya isa ya yi yawa. Wanda ba shi da shi zai haɗa nasa: dogon ƙarfe mai zare na milimita 10 ko 12, gwargwadon wanda ya ratsa bututun, tsawon santimita 25 zuwa 30, da notuna biyu, da wasoshi masu kauri, da guntayen bututu biyu. Bututu na farko shi ne mai karɓa, bakinsa ya fi silambulok faɗi da milimita 2 ko 3, zurfinsa ya isa ya haɗiye shi. Na biyu mai turawa, ya gaza bututun waje da rabin milimita zuwa ɗaya, yadda zai zauna a kan leɓen ƙarfen ya kuma iya bin sa cikin ido. Babban soket kan yi wannan aikin. A shafa wa zaren giris sosai, in ba haka ba shi zai fara cinyewa. Turin duka a kan leɓen bututun waje yake sauka. Wanda ya tura ta bututun ciki robar kawai yake yagewa.

In ya ƙi motsi, akwai hanyar da ba ta kasawa. A huda robar da bakin diril na milimita 5 ko 6, rami kusa da rami har a zagaye, a buge bututun ciki ya fita. A kwance ruwan zarto, a zura shi cikin ramin, a sake ɗaura shi, a yanka bututun waje daga ciki bisa tsawonsa. A tsaya ana dubawa, da an kusa fasa shi a dakata, kada haƙorin zarto ya shiga naman hannun. Sai a sa kurfi a lanƙwasa bakin yankan zuwa ciki, bututun zai sake ya faɗo. Mun san ana ƙona robar da wuta a wurare da yawa, wasu ma da wutar walda. Hayaƙin guba ne, kuma ƙarfen da aka gasa har ya yi ja ba ya komawa yadda yake. Wannan kuwa ƙarfe ne da ran mutum tara ke kansa in motar haya ce.

A goge cikin idon da sanfefa mai lamba 120 ko 180 har ya yi haske, tsatsa kawai za a cire, ba ƙarfe ba. A auna faɗinsa ta tsaye da ta kwance. Idon da ya zama kamar ƙwai, ko wanda sabon silambulok ya faɗa cikinsa da turin yatsa, ya gama aiki, a nemi wani hannun. Naɗa masa gwangwani ko sassara cikin idon da ƙusa gyaran gangar auzinawa ne. A dubi hannun kansa ko ya lanƙwashe ko ya tsage kusa da ido, a jera shi da na ɗaya gefen in ana shakka. Tiran ma a mirgina shi a kan abu mai shimfiɗe, lanƙwasa za ta nuna kanta.

Sabon in ya yi awa guda a firiza yana ɗan tsukewa. Ba wani abu mai yawa ba ne, ƙarfe mai faɗin milimita 40 bai fi kashi biyu ko uku cikin ɗari na milimita yake ragewa ba, amma yana sauƙaƙa shigar farko. A ɗan shafa mai siriri a bayan bututun ƙarfen kawai. Bakin da aka ɗan fiƙe shi ke fara shiga. Milimita biyar na farko su ne masu wuya: a matsa kaɗan, a tsaya, a duba ta kowane gefe. In ya karkace a fitar da shi a sake, don wanda ya shiga a karkace yana kankare idon yana tafiya. A tura har ya kai awon da aka rubuta. Ba ruwan guduma a nan.

Robobin da ba su da bututun waje, wato na mazurari da na sandar kwana da na biyalet, ruwan sabulu kaɗai ake shafa musu. Yana sa su zame, ya bushe, su kama. Giris ko man inji kuwa zai ci gaba da cin su. Inda robar ke zama a jikin sandar kwana a kankare shi ya yi santsi; in yashi ya ci wurin har ya yi wuya kamar na kwalba, sabon roba ma zai yi sako-sako.

Ɗaurin ƙarshe

A mayar da komai yadda ya fito, robobin mazurari su fuskanci juna cikin ramin hannu, wasoshi a jerinsu. Notunan da ke da zoben roba a bakinsu sau ɗaya suke aiki, a sa sababbi, haka ma ƴar ƙusar tsaga in akwai. A ɗan shafa giris a jikin bulon inda zai kwanta cikin bututu, don na gaba da zai kwance ya samu sauƙi. Notin rotil a ɗaure shi sosai tun yanzu, ba roba a wurin. Amma bulon gindin hannu, da na gaban tiran, da notin robobin mazurari, da na biyalet, a kai su har su taɓa kawai, a bar su.

Dalili shi ne wancan na farko. Mota na sama, hannu ya rataya ƙasa. Hannu mai tsawon santimita 30 in bakinsa ya sauka santimita 9, ya juya wajen digiri 17. In aka ɗaure bulon a haka, bututun ciki ya kafe a nan. Da an sauke motar hannu ya koma wurinsa, robar ta murɗe digiri 17 alhali motar na tsaye ba ta je ko'ina ba, ta kwana a haka ta wuni a haka. Rami na farko ya ƙara mata wani murɗin a kai, ta fara yagewa daga jikin bututu. Irin wannan motar kan tsaya da gaba a ɗan ɗage, ta yi tauri a hanya, bayan ƴan makonni ƙarar ta dawo, maigida ya koma wurin mai kanti yana faɗa an sayar masa da jabu.

A sa tayoyi, a sauke motar, a tura ta gaba da baya mita uku ko huɗu don tayoyin su saki, a danna gabanta sau huɗu ko biyar. A kai ta kan ramin gareji. A auna daga tsakiyar ƙafa zuwa leɓen rumfa, ya zo daidai ko kusa da abin da ke takarda, sannan a ɗaure. In ba rami, a hau da tayoyi huɗun kan katakai masu kauri ɗaya yadda mutum zai iya shiga. In wannan ma bai samu ba, motar na kan shandal a sa jak ƙarƙashin bakin hannu kusa da rotil, a ɗaga a hankali har awon ya cika, a kula kada motar ta tashi daga kan shandal.

A ɗaure da sifana mai awo. Littafin gyaran motar, irin na Revue Technique, yana ba da adadin kowane noti da m.daN, ɗaya daidai yake da Nm 10 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, kuma shi za a bi. Don a san iyaka: bulon 8.8 na milimita 10 wajen Nm 50 yake ɗauka, na milimita 12 wajen 85, a kan busasshen zare. Ƙara wa sifana bututu yaron gareji ya hau kai ba ya ƙara ƙarfin kamu, miƙe bulon ɗin yake yi. Wanda bai ɗauru ba kuma bututun ciki zai dinga juyawa a kansa, ya ci kunnuwan ƙarfe ramin ya zama dogo.

Sabon roba ya mayar da ƙafa inda take tun asali, saitin da aka yi wa taya a kan matattun robobi ya tashi aiki. Sai an sake faralelisim, wato alaimen. A 504 bakin tayoyin na gaba ya kamata ya ɗan fi na baya tsukewa da ƴan milimita, adadin na cikin littafi. A tsayar da sitiyari a tsakiya kafin a fara. A gwada motar a hankali a wuri marar cunkoso, a taka birki hannu na kwance a kan sitiyari a ga ko ta miƙe. Bayan kamar kilomita 500, kwatankwacin zuwa Damagaram da dawowa, a koma kan rami a bi notunan nan da sifana mai awo ba tare da an sassauta su ba, a shafa fuskar tayoyin gaba da tafin hannu daga ciki zuwa waje. In ka ji kaifi ta gefe guda kamar haƙorin zarto, saitin bai zauna ba, a sake shi.